Katin Awon Auta

Shekara biyu da rabi ke nan Mai Ƙwai ba ta bi ta gaban ƙaramin asibitin nan na bakin kasuwa ba. Hanyar miƙaƙƙiya ce, kowa ita yake bi, amma ita da ta sauka daga babur sai ta ɗora kwandonta a ka, ta zagaya ta bayan injin niƙa, ta tsallake kwata, ta ɓullo ta wajen masu kaji. Matan da suke zuwa kasuwa tare har tsiya suke yi mata, wai ko wani tsohon saurayi take ɓoye wa. Takan yi dariya ta ce ƙwai ba ya son turmutsitsi. Gaskiyar maganar kuwa ita ce malamar awon da ke asibitin ta san fuskarta sarai, kuma a sanin malamar, mai wannan fuskar ta mutu.

Ga yadda abin ya samo asali. Mai Ƙwai da ƙanwarta Auta uwa ɗaya uba ɗaya suke, aure kuma ya ajiye su a ƙauye ɗaya, gida huɗu ne tsakaninsu. A shekarar suka sami ciki kusan tare, Mai Ƙwai na uku, Auta na fari. Mijin Auta direban babbar mota ne, sai ya yi wata guda bai leƙo gida ba, kuma mutum ne mai son komai bisa ƙa'ida. In ya bugo waya, tun kafin a gama gaisawa zai ce, "An je awo?" Ita kuwa Auta laulayi ya sa ta gaba, ko warin man babur ta shaƙa sai amai. Ga hanyar asibitin tafiyar awa guda ce da 'yan kai, rami yana miƙa ka ga rami.

Wata rana da yamma Mai Ƙwai ta shiga duba ta, ta same ta kwance a tabarma da kwano a gefe.

"Yaya, ba gobe za ki kasuwa ba?" in ji Auta. "Don Allah ki biya ki karɓo min katin nan, mutumin nan ya bar ni in sha iska."

"Ke, kati ai ba a bayarwa sai an ga ciki."

Auta ta ɗago kai da ƙyar, ta dubi cikin yayarta, ta ce, "To wannan na gabanki fa, tulu ne?"

Suka yi ta dariya har Auta ta sake janyo kwanon. Mai Ƙwai ta haifi 'ya'ya biyu a ɗakinta ba tare da ko ciwon kai ba, ba ta taɓa taka asibiti ba. A ganinta awo bai wuce a ba ka ƙwayoyi a buga maka hatimi ba, kuma duk abu biyun nan ana iya ɗauko wa mutum a kwando. Ba mugunta ta yi ba, kuma ba tsabar wauta ba ce. Ƙanwarta ce ta roƙe ta, ita kuwa tun Auta tana rarrafe ba ta iya ce mata a'a ba.

Asibitin ɗaki biyu ne da baranda. A ranar awo mata sun kai sittin a kan bencina, wasu a ƙasa sun miƙe ƙafa, ga sikeli a bakin ƙofa wanda sai an doke shi yake komawa daidai. A ciki akwai tebur, da gado mai katifar leda da ta yage a gefe, da Malama ita kaɗai tilo, gajeriyar mace mai saurin baki, tabarau na rataye a wuyanta da zare. Da aka zo kan Mai Ƙwai, ta ba da sunan Auta da na Direba. Sauran tambayoyin duk daga jikinta ta amsa, don ba ta ga dalilin wata ƙaryar ba: ciki na nawa, yaushe ya fara motsi, ko ta taɓa ɓari. Malama ta naɗa mata ƙyallen awon jini a damtse, ta matsa robar, ta auna cikin da tef, ta kafa ɗan ƙahon ƙarfe ta saurara.

"Lafiyarki ƙalau," ta ce. "Da duk matan nan irinki ne da tuni na yi ƙiba."

Mai Ƙwai ta ji daɗin matar. A zuwa na biyu har ƙwai shida ta ƙulle mata a leda, Malama ta yi ta faɗan ba ta karɓar komai, sannan ta buɗe aljihun tebur ta zuba. Daga nan suka saba. Da ta hango ta a layi sai ta ɗaga murya, "Ga mai kajina nan, ku ba ta waje."

Duk abin da aka ba ta Mai Ƙwai ba ta taɓa riƙe ko ɗaya ba. Ƙwayoyin ƙarin jini, gidan sauro, har nasihar da Malama take yi wa mata a baranda, duka takan kai wa Auta ta zazzage mata. "Allurar ce kawai ban iya ɗauko miki ba," ta ce mata ranar da aka yi mata ta farko, tana nuna mata inda damtsen ya tasa. Direba ya dawo, aka miƙa masa kati. Rubutun asibiti ba mai karantuwa ba ne, bai ma gwada ba. Ya ga hatimi biyu, ya shafa kan matarsa ya ce ta kyauta.

Zuwa na uku Auta ta yi niyyar zuwa da kanta, don laulayin ya sake ta. Sai ta wayi gari takalminta ya ƙi shiga, fuskarta ta yi suntum. Ta zauna a bakin gado ta riƙe kai da hannu biyu.

"Yaya, kaina kamar zai rabe. Je ki min wannan ma. Na gaba ni zan je, wallahi."

A ranar, bayan awon jini, Malama ta danna ƙaurin Mai Ƙwai da babban yatsa, ta duba, ta ce, "Ciwon kai? Kumburi? Kina ganin walƙiya-walƙiya a idonki?" Mai Ƙwai ta ce babu. Kuma gaskiya ta faɗa, babu ɗin. Tambaya ta zo mata har bakin leɓe, ta so ta ce to in mutum yana da su fa? Amma wadda ke bayanta ta riga ta turo kai cikin ɗakin, Malama ta riga ta ɗauki hatimi, ga kwandon da Mai Ƙwai ta bari a rana. Ta haɗiye maganar da niyyar sai wani zuwan. A zuwa na huɗu ma Auta ba ta iya hawa babur ba, kuma Mai Ƙwai ta ji nauyin tambayar, don in ta yi ta, sai an ce wane ne mutumin.

Kwana tara bayan nan, da hantsi, Auta tana wanke kwanuka a tsakar gida ta kife. Jijjiga ta kama ta, ta tauna harshe, idanu suka juye. Kafin a samo mota a kai ta babban asibitin birni rana ta karkata. An ciro jaririya mace da rai. Auta ba ta farka ba.

Mai Ƙwai ta haifi ɗa namiji bayan kwana goma sha biyu, a ɗakinta, cikin sauƙi irin na kullum. Ta haɗa shi da jaririyar Auta ta shayar, ɗaya dama ɗaya hagu.

Direba kuwa baƙin ciki ya hana shi zama. Ya ɗauki katin ya tafi asibitin bakin kasuwa, ya zaɓi ranar awo, ya tsaya a baranda gaban mata sittin yana kaɗa shi a sama. "Sau huɗu!" yake cewa. "Sau huɗu matata ta zo nan, sau huɗu kika rubuta lafiya lau! Me kike aunawa?" Waɗanda suka gani sun ce Malama ta karɓi katin, ta sa tabarau, ta daɗe tana dubawa. Labarin ya iso ƙauye kafin shi ya iso. Mai Ƙwai tana zaune da jarirai biyu a cinya aka ba ta labarin, ta buɗe baki, ta dubi fuskokin matan da suka cika ɗakin, ta rufe. Ta ce a ranta gobe za ta faɗa. Goben ce har yau ba ta zo ba.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne yadda aka mayar da ita abin misali. Ko ina aka zauna sai a ce, "Ga 'yan'uwa biyu nan. Wadda ta bi awo sau huɗu tana ƙasa, wadda ba ta taɓa zuwa ba ga ta nan garau." A gabanta ake faɗa, har a dafa kafaɗarta. Masu ciki da dama sun fasa zuwa saboda wannan maganar, ta sani, don wasu da bakinsu suka gaya mata.

Ba fatalwa take gani ba, da ma ita ce da sauƙi. Da tsakar rana abin yake zuwar mata, lokacin da kaji suka lafe a inuwa, gida ya yi tsit. Sai ta ji muryar ƙanwarta daga bayan ƙofa, a gajiye, ba fushi a cikinta ko kaɗan: "Yaya, je ki min." Takan tashi ta leƙa duk da ta san babu kowa. Wani lokacin tana tsintar ƙwai a akurki sai damtsenta ya matse, daidai inda ake naɗa ƙyallen nan, ya matse har yatsunta su yi sanyi, sannan ya saki a hankali. Ɗiyar Auta, wadda take kiranta Inna, in zazzaɓi ya kama ta hannu biyu take sa wa ta riƙe kai. A irin ranakun nan Mai Ƙwai ba ta iya cin abinci.

Yanzu ga ta da ciki na huɗu, wata bakwai. Ranar kasuwa da safe ta zura ƙafa a takalmi, takalmi ya ƙi. Ta gwada ɗayan, shi ma haka. Kwana uku ke nan kanta yana sara, ta ɗora wa rana laifi. Ta tsaya tana kallon ƙafafun nan da suka cika suka yi sheƙi, ta sunkuya da ƙyar ta danna ƙaurinta da babban yatsa, yadda ta ga an yi mata. Ramin ya zauna, bai ciko ba.

Maigidanta yana ɗaure buhu a bakin ƙofa, ya hango ta. "Yau kuma ƙafar giwa aka aro?" ya ce. "Ki sa nawa mana."

"Baban yara, ina ga ko in biya asibiti."

Ya yi dariya da zuciya ɗaya. "Ke? Ke da ake ba da labarinki? Ki rage gishiri kawai, zai saɓe."

Ta sa silifas ɗinsa ta hau babur. Duk ramin da suka faɗa sai ta ji shi a ƙeya. A kasuwa ta zagaya ta bayan injin niƙa kamar kullum, ta shimfiɗa buhu, ta jera ƙwai. Can sai wasu ƙananan taurari suka fara yawo a kan ƙwan, ta murza ido, suka ƙaru. Tsoro ya kama ta, na gaske. Asibiti ɗaya ne a duk yankin, malama ɗaya ce a cikinsa. In ta shiga, sai ta faɗi wace ce ita. In ta faɗa, Direba zai ji, mahaifiyarsu da ta kusa makancewa da kuka za ta ji, ɗiyar Auta ma wata rana za ta girma ta ji. In kuma ba ta shiga ba, ta ga yadda abin yake ƙarewa, a tsakar gida, kusa da kwanuka.

A gefenta akwai wata mai sayar da tumatir, yarinya mai fara'a, da cikinta ya kai wata shida. Mai Ƙwai ta daɗe tana kallonta. Ta ce a ranta, ai wannan za ta iya shiga ta ce kanta na ciwo, ta ce tana ganin taurari, a ba ta magani ta kawo min, ba wanda zai sani. Har ta gyara murya, har ta ce, "Ƙanwata." Yarinyar ta juyo da murmushi ta ce, "Na'am, Yaya?"

Tsikar jikin Mai Ƙwai ta tashi. Ta dubi fuskar yarinyar, ta ji kunyar kanta irin wadda ba ta taɓa ji ba. "Duba min ƙwan nan," ta ce. Ta dafa ƙasa ta miƙe, ta bi miƙaƙƙiyar hanya tana jan silifas.

Mata tara ta tarar a baranda, bencina biyu ba kowa a kai. Duk da haka layin ba ya tafiya. Wata da ke kusa da ita ta yi tsaki ta ce ai Malama yanzu sai ta auna mace sau biyu, hannun dama da na hagu, da abin awo biyu daban-daban, sannan ta sa ta zauna ta sake. "Sai ka ce mai neman allura a rairayi," in ji matar. Mai Ƙwai ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta bar kowa ya wuce gabanta.

Da ta shiga, Malama tana rubutu, kanta a sunkuye. Ta rame, furfura ta fito mata a gaban goshi.

"Kati," ta ce, ta miƙo hannu.

"Ba ni da kati."

"Sabuwa ce? Wata nawa za ki zauna a gida sai yan..."

Ta ɗago. Biro ya suɓuce mata. Ta miƙe tsaye, kujerar ta faɗi ta baya, ta ja da baya har ta jingina da bango tana salati.

"Ni ce, Malama," in ji Mai Ƙwai. "Mutum ce ni, taɓa ni ki ji. Ban mutu ba. Ƙanwata ce ta mutu."

Ta faɗa mata duka a tsaye, tana riƙe da gefen tebur don ɗakin yana juyawa. Ba ta yi wa maganar kwalliya ba. Ta faɗi laulayin, da wayar Direba, da ƙwayoyin da take kaiwa, da ranar da aka tambaye ta ciwon kai ta ce babu. Malama ba ta katse ta ba. Sai da ta gama, matar ta ɗaga kujerar ta zauna a hankali, ta ɗora hannuwanta biyu a kan tebur tana kallonsu.

"Ban taɓa ganinta ba ke nan," ta ce. "Ko sau ɗaya."

"Ko sau ɗaya."

"Shekara biyu da rabi." Muryarta ta fara ƙasa-ƙasa, sannan ta hau. "Shekara biyu da rabi, baiwar Allah! Duk macen da na naɗa wa ƙyallen nan fuskarki nake gani. Na aika da abin awon birni aka duba, aka ce lafiyarsa lau. Na sayi wani. Na je an duba min kunne, an duba min ido. Sau biyu ina rubuta takardar barin aiki. Na ce hannuna ne ya kashe ki, ina ta neman inda na kuskure ban samu ba. Kina ina? Kina nan bayan katangar nan kina sayar da ƙwai?"

"Ina nan."

"Kin ga bencinan can? Kin san mata nawa aka kawo min a mota bayan sun..." Mai Ƙwai ta rufe ido tana jiran mari, kuma da an yi mata da ta ji sanyi.

Marin bai zo ba. Da ta buɗe ido sai ta ga Malama ta sa tabarau tana duban fuskarta, da wani irin kallo daban, daga fatar ido zuwa yatsu zuwa ƙafafun da suka cika silifas ɗin namiji.

"Tun yaushe kanki yake ciwo?"

"Kwana uku."

"Idonki fa?"

"Tun ɗazu nake ganin taurari."

"Hau gadon nan. Kwanta ta gefen hagu. A hankali."

Ledar katifar ta yi sanyi a kumatunta. Malama ta naɗa ƙyallen, ta sa abin sauraro a kunne ta fara matsa robar. Damtsen ya matse. Mai Ƙwai tana kallon bango ta yi tambayar da ta hana ta sakat tun ranar da aka binne Auta.

"Malama, don girman Allah ki gaya min gaskiya. Da ita ce ta zo, da kin gani?"

Malama ta saki iskar a hankali, idonta a kan agogon abin awon. Ta sake matsawa, ta sake saki. Mai Ƙwai ta so a ce mata kwana ne ya ƙare, a ce irin wannan ciwon ba ya nuna kansa, ko ƙarya ce za ta karɓa da hannu biyu. Malama ta ƙara matsa robar, sannan ta juyo da agogon saitin fuskarta, ta ɗora farce can sama inda tsinken yake harbawa.

"Kin ga nan? Abin da zan gani ke nan," ta ce. "Tun zuwa na uku. Da ban bar ta ta koma gida ba."

Kukan da Mai Ƙwai ta riƙe shekara biyu da rabi ya ɓalle mata, har gadon yana girgiza. Malama ba ta rarrashe ta ba. Ta buɗe kabad ta fasa kwalbar allura, ta ja ruwan a sirinji, ta leƙa baranda ta ƙwala wa mai gadi kira ya nemo mota yanzu-yanzu, ko ta wane ne. Sannan ta dawo ta dafa mata kafaɗa da ƙarfi.

"Ki bar kukan nan haka, yana ƙara miki hawan jinin," ta ce. "Ke ma ba za ki koma gida yau ba. Gyara, allurar nan tana da zafi."